Darasi: Yadda Ake Karanta Takardar Gwajin Jini ta Mai Karɓar Testosteron

Testosteron sinadari ne da marainan namiji ke sarrafawa su zuba a cikin jini. Shi ke sa muryar yaro ta buɗe idan ya balaga, gemu ya tsiro, tsoka da ƙashi su yi ƙarfi, sha'awa ta motsa. A 1935 masana a Amsterdam suka fara tace shi daga marainan bijimai, a wannan shekarar kuma Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano yadda ake haɗa shi. Tun daga nan ya zama magani ga mazan da jikinsu ya gaza samar da isasshe: wanda hangum ya sauka masa a maraina ya lalata su, wanda aka haifa da lalurar Klinefelter, wanda ƙari ya danne masa fituwitari a gindin ƙwaƙwalwa, da wasu daga cikin masu sikila. Ana ba da shi ta allura, kamar Sustanon da ake yi duk mako biyu zuwa uku, ko Nebido da ke kai mako 10 zuwa 14, ana kuma ba da shi ta man da ake shafawa kowace safiya.

Ga irin waɗannan mutane magani ne mai amfani ƙwarai. Sai dai idan ya shiga jiki ba ya tsayawa a inda mutum ya aike shi. Yana taɓa hanta, yana taɓa ɓargo, yana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma duk inda ya taɓa sai alamarsa ta fito a takardar gwaji. Wasu canje-canjen a takarda kawai suke, jiki lafiya lau. Wasu kuwa haɗari ne na gaske ko da mutum yana jin kansa garau. Abin da nake so kowannenku ya fita da shi daga ajin nan shi ne iya bambance su. Sau da yawa layin da ke tayar wa mutum hankali ba shi da wani laifi, wanda yake murna da shi kuwa shi ya kamata ya kai shi asibiti.

Kafin allurar farko

Ba a gane ƙarancin testosteron da kallon fuska, ba a kuma gane shi da gwaji ɗaya. Sinadarin yana hawa da asuba ya sauka da yamma, cin abinci ma yana rage shi. Don haka ake ɗibar jini da safe, wajen ƙarfe bakwai zuwa goma, kafin a karya, kuma a maimaita wata rana daban. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar makon jiya sai ya jira ya murmure, domin rashin lafiya tana sauke ma'aunin na ɗan lokaci. Likitoci da yawa suna ɗaukar abin da ya gaza 300 ng/dL a matsayin ƙasa, wato kimanin 10.4 nmol/L idan ɗakin gwajin da ɗayan ma'aunin yake aiki. Ko da hakan, sai an haɗa adadin da alamomin da mutum ke ji.

Idan ya tabbata ƙasa yake, tambaya ta gaba ita ce me ya saukar da shi. Ƙiba tana saukar da shi, ciwon suga ma haka. Tramadol da kodin suna danne umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, haka magunguna irin su dexamethasone da wasu ke sha ba bisa ƙa'ida ba don su yi ƙiba. Wanda matsalarsa tramadol ce, maganinsa barin tramadol. A wannan zuwan na farko ake auna LH da FSH da furolaktin, da PCV, da PSA ga wanda ya manyanta, kuma a ganina bai kamata a bar TSH a baya ba. Takardar wannan rana ku adana ta da kyau, domin da ita za a riƙa gwada duk wadda za ta biyo baya.

Tayirod

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Tana amfani da aidin, wanda ake sa wa gishiri, ta samar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, kaifin tunani. Fituwitari ke lura da ita ta hanyar aiko mata da TSH. Idan aikin tayirod ya yi sanyi sai TSH ya hau don ya zaburar da ita, idan ya yi yawa sai TSH ya sauka. Wannan yakan rikita mutane, don haka ku riƙe shi sosai: TSH mai yawa alama ce ta tayirod mai rauni. A yawancin ɗakunan gwaji daidai shi ne kimanin 0.4 zuwa 4.0 mIU/L.

Ku duba alamomin raunin tayirod: kasala, ƙiba, jin sanyi, taurin bayan gida, bushewar fata, yawan barci, baƙin ciki marar dalili, mutuwar sha'awa. Rabin wannan jerin shi ne dai abin da mai ƙarancin testosteron ke kuka da shi. Abin bai tsaya ga kamanni ba. Idan tayirod ta yi rauni, hanta tana rage wani furotin mai suna SHBG wanda ke ɗauke da testosteron a cikin jini, sai jimillar testosteron ta fito ƙasa a takarda. Wani lokaci furolaktin ma yakan hau ya ƙara danne maraina. Mutumin da ke cikin wannan hali, idan aka ba shi maganin tayirod mai suna levothyroxine, tayirod ta daidaita, sau da yawa testosteron ɗinsa kan dawo da kansa. Idan kuwa aka yi masa allura ba a duba wuyansa ba, kasalar tana nan, an kuma ɗora masa maganin da bai buƙata. Tayirod mai yawan aiki akasin haka take yi: SHBG ya hau, jimillar testosteron ta fito sama, alhali mutumin yana rama, yana gumi, wani har nono ya kumbura masa.

To, mu ɗauka tayirod lafiya take kuma an fara allura. Bayan wata uku mutum ya karɓo takarda ya ga T4 ya sauka, har an sa masa alama a gefe. Me ya faru?

Kusan duk T4 da ke yawo a jini a ɗaure yake da furotin. Mafi girma a cikin masu ɗaukarsa shi ne TBG, wanda hanta ke yi, yana riƙe da kimanin kashi 70 cikin 100. Abin da ke sake, wanda shi kaɗai ke shiga ƙwayoyin jiki ya yi aiki, bai wuce kashi 3 cikin 10,000 ba. Testosteron yana rage TBG. Da zarar masu ɗauka sun ragu, abin da ke ɗaure ma ya ragu, sai jimillar T4 da ta T3 su sauka. Amma fituwitari ba jimilla take dubawa ba, sakakken take dubawa, kuma tana gyara TSH har sakakken ya tsaya a inda yake. Kamar gidan da aka rage wa girman rumbu ne alhali mudun da ake auna wa uwargida kullum bai canza ba: wanda ya leƙa rumbu zai ce hatsi ya ragu, masu cin tuwo kuwa ba su ga bambanci ba. Takardar da ke cikin kwalin maganin testosteron ma ta ambaci wannan, cewa jimillar T4 tana iya sauka amma sakakken sinadarin ba ya canzawa. A jikin mace mai ciki akasin haka ake gani, domin estirojin yana ƙara TBG, jimillar T4 ta hau, ita kuma lafiyarta ƙalau.

Saboda haka duk wanda ke kan testosteron, idan za a duba masa tayirod, TSH da sakakken T4 ake nema, wanda ake rubutawa FT4. Ku dubi takardarku da kyau ku ga ko akwai wannan harafin F. Wasu ɗakunan gwaji har yanzu jimilla suke yi saboda ta fi araha, kuma ba laifi ba ne idan mai karantawa ya san abin da yake karantawa. Laifin yana zuwa ne idan aka ga jimillar T4 ƙasa, TSH daidai, aka ɗora mutum a kan levothyroxine. Wannan zai jawo masa bugun zuciya, rawar hannu da rashin barci, idan aka daɗe kuma ƙashi ya yi rauni, duk don gyara abin da bai lalace ba.

Akwai mutum ɗaya da wannan canji ke shafa da gaske, shi ne wanda dama yake shan levothyroxine, ko don an cire masa tayirod a tiyatar maƙoƙo ko don ta daina aiki. Shi ba shi da tayirod da za ta rage aiki idan sakakken T4 ya yi yawa, ƙwayar da yake haɗiya kullum ba ta san an fara allura ba. Idan TBG ya ragu, sakakken yana iya hawa. A 1994 wani likita a Amurka mai suna Baha Arafah ya wallafa abin da ya gani a wasu mata masu raunin tayirod da aka ba maganin sinadarin maza saboda kansar nono: cikin makonni alamomin yawan tayirod suka bayyana musu, sai da aka rage musu levothyroxine da kashi 25 zuwa 50 cikin 100. Maganin da aka ba su na haɗiya ne mai ƙarfi a kan hanta, kuma a jikin namijin da ake cike wa gurbi kawai canjin bai cika kai haka ba. Duk da haka dalilin ɗaya ne. Mai shan levothyroxine ya sake auna TSH bayan mako shida zuwa takwas da fara testosteron, haka kuma idan an canza adadinsa ko an daina. Ana jiran mako shida ne domin T4 yana daɗewa a jini, sai kusan mako guda rabinsa ke fita, kuma TSH ba ya zama wuri ɗaya sai bayan makonni. Kada ya rage wa kansa ƙwaya don ya ji zuciya tana bugawa, ya kai wa likita takarda.

Idan kuwa TSH ya fita daga ma'auni sosai a mutumin da ba ya shan maganin tayirod, kada a ɗora wa allura laifi a wuce. Wannan ciwon tayirod ne mai zaman kansa, a bincike shi.

Jini ya yi yawa

Nan ne nake so mu daɗe, domin a nan al'adarmu ta asibiti take iya yaudarar mu. Mu mun saba da tsoron ƙarancin jini. Mai ciki ta je awo a ce PCV ɗinta ya sauka, yaro ya sha zazzaɓi a ce sai an yi masa ƙarin jini, 'yan uwa su bazama neman leda. Don haka idan magidanci ya ga PCV ɗinsa ya tashi daga 44 zuwa 55, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne alhamdu lillahi, jini ya cika. Wani ma ya ƙara da maganin ƙarin jini na kwalba.

PCV yana nuna kashi nawa ne na jini jajayen ƙwayoyi suka cinye. A namiji mai lafiya yawanci tsakanin 40 da 50 yake. Testosteron yana ƙara shi ta hanya biyu. Yana sa ƙoda ta ƙara fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi, yana kuma danne wani sinadari na hanta mai suna hepsidin, wanda aikinsa tsare ƙarfen jini a ma'ajiya. Hepsidin na sauka sai ƙarfe ya fito, ɓargo ya sami kayan aiki. Shi ya sa za ku ga PCV yana hawa, feritin kuma, wato ma'aunin ƙarfen da ke ajiye, yana sauka. Ga wanda dama jininsa ƙasa yake wannan alheri ne. Ga wanda jininsa daidai yake, hawan kan bayyana cikin wata uku, ya ci gaba har wajen wata tara zuwa shekara, kuma shi ne canjin da aka fi gani a takardar masu karɓar wannan magani.

Jini mai yawan ƙwayoyi kauri yake yi, zuciya ta sha wahalar tura shi, kuma abin da likitoci ke gudu shi ne ya daskare a jijiya: a ƙafa, a huhu, ko a ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wani zai ji ciwon kai, jiri, nauyin kai, idanu su yi ja. Da yawa ba sa jin komai, ƙarfi ma suke ji. Ƙungiyar likitocin homon ta Amurka, Endocrine Society, a ƙa'idojinta na 2018 ta ce a auna PCV kafin a fara, a sake bayan wata uku zuwa shida, daga nan duk shekara. Idan ya haura 54 a dakatar da maganin har ya sauko, a binciki dalili, sannan a koma da adadi kaɗan. Wanda tun farko nasa ya wuce 48 ba a gaggauta fara masa.

Wannan ba abu ne da ke samun mutum ɗaya cikin dubu ba. A wani bincike da aka yi a Ostireliya mai suna T4DM, aka wallafa a 2021, an bi maza sama da dubu masu ƙiba tsawon shekara biyu. Cikin waɗanda aka yi wa allurar testosteron, kashi 22 cikin 100 PCV ɗinsu ya haura 54, a rukunin da ba a ba testosteron ba kuwa kashi 1 ne kacal. Wani babban bincike a Amurka mai suna TRAVERSE, wanda ya fito a 2023, ya bi maza sama da 5,000 masu shekara 45 zuwa 80 da ke da ciwon zuciya ko haɗarin kamuwa da shi. Man shafawa aka ba su, ana kuma bibiyar jininsu. Bugun zuciya mai kisa da shanyewar ɓarin jiki ba su ƙaru ba, wannan labari ne mai daɗi, amma an fi ganin daskarewar jini a huhu da rikicewar bugun zuciya a cikin masu shafa maganin. Ku lura da sharaɗin: waɗannan mutane ne da aka tabbatar da ƙarancinsu, aka auna musu adadi, ana dubansu a kai a kai. Sakamakonsu bai wanke wanda ke zuwa kemis a soka masa Sustanon duk mako ba tare da takarda ko ɗaya ba.

Allurar da ake yi duk mako biyu ko uku ta fi man shafawa ɗaga PCV, domin a kwanakin farko tana cilla sinadarin sama da abin da jiki ya saba. Dattawa sun fi samari saurin hawa. Mai shan taba ya fi, haka mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci. Idan matarka tana cewa kana shiru cikin barci sannan ka farka da shaƙewa, faɗa wa likita, domin wannan kaɗai yana ɗaga PCV, testosteron kuma yana iya tsananta shi. Mazauna tudu irin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, nasu kan ɗan fi na mazauna kwari tun asali.

Rashin ruwa a jiki ma yana ɗaga adadin ba tare da ƙwayoyin sun ƙaru ba. Wanda ya je gwaji da la'asar a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, yana azumi, ya sha rana a hanya, PCV ɗinsa zai iya fitowa sama da gaskiyarsa. Idan adadin ya zo a bakin iyaka, a sake shi da safe bayan an sha ruwa sosai. Amma kada wannan ya zama hujjar kau da kai. Wanda nasa ya fito 56 sau biyu, ba rana ce ta jawo masa ba.

Gyaran yana hannun likita: a rage adadi, ko a rarraba allurar ƙanana-ƙanana, ko a koma man shafawa, ko a dakata. Wani lokaci akan zuƙe jini kimanin leda ɗaya a asibiti. Na san wani zai ce ai akwai ƙaho. Abin da wanzami ke fitarwa kaɗan ne, ba a auna shi, kuma ba ya sauke PCV yadda ake buƙata, don haka bai maye gurbin wannan ba. Zuƙar asibitin ma idan ta yawaita tana ƙarar da ƙarfen jiki, mutum ya koma cikin kasalar da ya gudo daga gare ta. Mai sikila kuwa kada ya kusanci wannan magani sai da sanin likitan jininsa, saboda kaurin jini da kuma miƙewar gaba mai ciwo da ke ƙin kwantawa, wadda dama tana damun masu wannan lalura.

LH, FSH da zancen haihuwa

Idan ƙwaƙwalwa ta ga testosteron ya wadata a jini, ba ta tambayar daga ina ya zo. Sai ta daina aika LH da FSH, wato umarnin da take aika wa maraina. A takarda za ku ga sun faɗi kusan sifili, kuma haka ake sa ran gani. Amma ma'anarsa a jiki babba ce: maraina sun daina aiki, suna iya ƙanƙancewa, ƙwayoyin haihuwa a cikin maniyyi su ragu ko su ƙare ƙaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar testosteron ta mako-mako a matsayin maganin hana haihuwa na maza, kuma a sakamakon da aka wallafa a 1990 kusan biyu cikin uku na mazan ba a sami ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsu ba cikin wata shida.

Wannan yana ci mini rai, domin a garuruwanmu mai neman haihuwa ne ya fi saurin faɗawa hannun mai sayar da maganin ƙarfin maza. Sha'awa ta ƙaru, ya ɗauka an dace, shekara ta zagayo shiru, a fara kai matar asibiti da gidan masu magani, wani ma ya ƙaro aure. Yawancin maza ƙwayoyin kan dawo cikin shekara ɗaya zuwa biyu bayan an daina, amma wanda ya daɗe a kai ko ya manyanta nasa kan yi jinkiri, wani ba ya komawa yadda yake. Wanda ke son haihuwa ya faɗa wa likita tun ranar farko, akwai wasu magungunan da ke zaburar da maraina maimakon su kwantar da su.

Sauran layukan

PSA ma'auni ne na furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsara. Yakan ɗan hau a watannin farko. Idan ya ƙaru da fiye da 1.4 ng/mL cikin shekarar farko, ko ya wuce 4, sai a ga likitan mafitsara. Kansar furostet ta fi kama baƙar fata, don haka magidancin da ya wuce arba'in ya tattauna wannan gwaji da likitansa kafin ya fara. Wani kaso na testosteron jiki yana juya shi ya zama estirojin, musamman a mai ƙiba, idan nono ya fara kumburi ko ciwo a auna shi. Kitsen jini mai amfani, HDL, yana iya ɗan sauka. Suga yana iya sauka, saboda haka mai allurar insulin ya ƙara yawan auna kansa. Mai shan warfarin jininsa yana iya tsinkewa fiye da yadda ake so, a duba masa INR, wato ma'aunin tsinkewar jini, da wuri. Hawan jini yana iya ɗan ƙaruwa, a riƙa awo. Hanta kuwa allura da man shafawa ba su cika damunta ba, tsofaffin ƙwayoyin haɗiya irin methyltestosterone da waɗanda masu ɗaga ƙarfe ke sha su ne ke lalata ta.

Ranar zuwa gwaji

Adadin testosteron a takarda ba shi da ma'ana sai an san yaushe aka yi allura. Kwana biyu bayan allura zai fito sama, ranar da za a sake zai fito ƙasa, mutum ɗaya ne kuma adadi ɗaya ake ba shi. Mai allurar testosteron nau'in enanthate ko cypionate ana ɗibar jininsa a tsakiyar tazarar allura biyu. Mai Nebido ana ɗiba dab da allura ta gaba. Mai shafawa ana ɗiba awa biyu zuwa takwas bayan ya shafa, kuma kada a soka allura a fatar da man ya taɓa, domin ɗan abin da ya shiga kwalba zai sa adadin ya yi tashin da ba gaskiya ba. Ku rubuta ranar allurar ƙarshe a bayan takardar da hannunku.

Ku faɗa wa likita duk abin da kuke sha, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari. Biotin, wanda ake sa wa ƙwayoyin gyaran gashi da fata, yana rikita na'urorin gwaji da yawa, TSH ya fito ƙasa FT4 ya fito sama kamar mai yawan tayirod, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan rikita gwaje-gwajen da yake yi tun 2017. A bar shi kwana biyu zuwa uku kafin gwaji. In da hali a riƙa zuwa ɗakin gwaji ɗaya, domin na'urori sun bambanta. Likitocin homon ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, kuma likitan babban asibitin garinku zai iya rubuta muku takardar zuwa.

Aikin aji

Ku rabu uku-uku. Mu ƙaddara wani magidanci ɗan shekara 52, direban babbar mota, mai shan taba, yana da mata biyu, amaryar ba ta haihu ba tukuna. Wata biyar ke nan ana yi masa allura duk mako biyu. Takardarsa ta farko ta nuna PCV 46, TSH 2.1, jimillar T4 daidai, PSA 0.9. Ta yau ta nuna PCV 55, TSH 1.9, jimillar T4 ƙasa da ma'auni, FT4 daidai, PSA 1.2, LH kusan sifili. Ya zo hankali a tashe saboda alamar da aka sa a gefen T4, yana neman a rubuta masa maganin maƙoƙo, yana kuma cewa ko ba komai jininsa ya cika.

Wane layi ne za ku kwantar masa da hankali a kansa, kuma da wane bayani? Wane ne za ku ce ya kai wa likita a cikin makon nan? Waɗanne tambayoyi za ku yi masa game da barcinsa, da lokacin da aka ɗebi jinin, da abin da yake sha ban da allura? Me za ku faɗa masa game da amaryarsa? Sannan ku sake karanta takardar kuna ɗauka cewa an cire masa tayirod shekara biyar da suka wuce, yana shan levothyroxine kullum, kuma TSH ɗinsa na yau 0.1 ne. Kowane rukuni ya zaɓi mutum ɗaya ya yi wa aji bayani da bakinsa, kamar yana magana da yayansa.